Ranar da Ya Kamata Mai Sayen Fili Ya Ga Lauya

A makon farko na watan Yunin 2023, kwanaki kaɗan bayan rantsar da Gwamna Abba Kabir Yusuf, motocin rusau suka fito cikin dare a birnin Kano. Suka fara da wani bene na shaguna a Filin Sukuwa, suka wuce gine-ginen da aka yi a harabar tsohon otal ɗin Daula da na Sansanin Alhazai, sannan suka isa shagunan da aka jera a Filin Idi na Ƙofar Mata. Sabuwar gwamnati ta ce filayen jama'a ne gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta yanka ta rabar ba bisa ƙa'ida ba. Waɗanda suka sauka daga mulki suka ce komai a kan doka suka yi shi. Masu shaguna kuwa suka wayi gari suna kallon ɓaraguzai, da yawansu riƙe da takardu masu hatimin hukuma.

Ƙungiyar masu shagunan Masallacin Idi ta garzaya Babbar Kotun Tarayya, wadda ke zama a titin Court Road a Gyadi-Gyadi. A ƙarshen Satumbar wannan shekara Mai shari'a Amobeda ya ce rusau ɗin ya saɓa wa doka, ya umarci gwamnati ta biya diyyar naira biliyan 30. Zuwa Disamba aka yi sulhu a kan biliyan 3. Sun yi nasara a kotu, babu musu, amma abin da aka amince za su karɓa kashi ɗaya ne cikin goma na abin da alƙali ya yanka, kuma shagunan ba su dawo ba.

Akwai abin da mutane suka manta a labarin. Tun a ƙarshen Maris, kafin a rantsar da shi, zaɓaɓɓen gwamnan ya sa an fitar da sanarwa yana gargaɗin masu gini a filayen makarantu, asibitoci, maƙabartu, filayen ibada da jikin ganuwa da su dakata. Lauya ba boka ba ne, ba zai faɗa wa kowa wanda zai ci zaɓe ba. Amma da mai saye ya kai masa takardar shagon da ke cikin filin idi, tambayoyinsa na farko su ne: don me aka ware wannan fili tun asali, wa ya canza masa manufa, ta wace hanya, kuma ina takardar canjin? Wanda ya ji waɗannan tambayoyi ya saya duk da haka, ya san kasadar da ya ɗauka. Wanda bai ji su ba, araha kawai ya gani da cinkoson masu wucewa.

Wannan magana ta shafi matasan unguwar Daurawa ta ƙaramar hukumar Tarauni da maƙwabtansu fiye da yadda suke zato. Ƙaramar hukumar Tarauni ba ta da faɗi, amma ƙidayar 2006 ta samu sama da mutum 220,000 a cikinta, kuma tun daga lokacin gini bai tsaya ba. Tana da titin Zariya da titin Maiduguri, tana da Asibitin Malam Aminu Kano a gefen Gyadi-Gyadi, tana da kasuwar waya ta Farm Centre. Yaron da ya fara da tebur ɗin gyaran waya a Farm Centre, ko mai POS a Unguwa Uku, ko ma'aikaciyar jinya da ta ɗauki adashi, da zarar kuɗi ya taru abin da manya ke gaya musu ɗaya ne: a sa shi a ƙasa, ƙasa ba ta ruɓewa. Shawara ce mai kyau a zamanin da naira ke narkewa a hannu. Sai dai cikin gari ya yi tsada, don haka matashi ke bin dillali zuwa bakin Mariri, ko can wajen Kumbotso da Dawakin Kudu, ko kuma ya samu tsohon gidan gado a cikin lungu da magada ke son rabuwa da shi. A nan ne ake yin cinikin da ya fi kowane girma a rayuwarsa, da takarda guda ɗaya da shaidu biyu.

Yadda aka saba yi sananne ne. Dillali ya nuna fili, a taya, a ce albarka, a ƙara, a sallama. Mai saye ya ba da kafin alƙalami don kada wani ya riga shi. A je wurin mai unguwa, ya sa hannu ya buga hatimi, wani lokaci a kai wa dagaci. A yi addu'a, dillali ya karɓi la'adarsa, kowa ya watse. In wani ya ambaci lauya sai a ce, “Haba Alhaji, ai mu nan amana ce, ba a kai ga haka ba.” A kunnen Bakano, kiran barista kafin rigima tamkar zargi ne. Abin mamaki shi ne ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu a ciniki ta sauka, kuma babu malamin da ya taɓa cewa ta ci mutuncin amana.

Takardar mai unguwa tana da amfani, kada a raina ta. Mai unguwa ya san wanda ya noma gonar, ya san wanda ya mutu da 'ya'yan da ya bari. Amma abin da takardarsa ke tabbatarwa shi ne an yi ciniki tsakanin wane da wane a rana kaza. Ba ta tabbatar da cewa mai sayarwa yana da ikon sayarwa, ba ta kuma san abin da ke cikin fayil ɗin Ma'aikatar Ƙasa ba. Gona na iya zama a hannun iyali shekara hamsin, alhali a taswirar gwamnati an riga an ratsa ta da titi ko an ware ta don makaranta.

Dalilin haka yana cikin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa, aka kuma ɗaure ta a jikin kundin tsarin mulki. A Arewa ba baƙuwa ba ce sosai, domin dokar ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962, da wadda Turawa suka yi tun 1910, duk a kan wannan turba suke. Sashenta na farko ya danƙa dukkan ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da mutum ke saya, ko da ya biya miliyan ɗari, haƙƙin zama ne da amfani, wanda a satifiket yawanci ake rubuta wa shekara 99 in na gidan zama ne. A cikin yankin da aka ayyana a matsayin birni, gwamna kaɗai ke ba da wannan haƙƙi. Ƙaramar hukuma tana da iko ne a karkara. Saboda haka matashin da aka nuna wa takardar ƙaramar hukuma a kan filin da ke gefen birni yana da tambayar da dillali ba zai iya amsawa ba: wannan wuri yana cikin da'irar birni ko yana wajenta?

Lokacin ganin lauya ke nan, kafin kafin alƙalami ya bar aljihu. Da zarar an ba da shi, mai saye ya zama shi ke roƙo. Aikin lauya a wannan mataki ba shi da ado. Zai karɓi kwafin takardu, ya ɗauki lambar fayil ya je Ma'aikatar Ƙasa da ofishin KANGIS mai ajiyar bayanan filaye ya nemi a yi masa bincike: sunan wa ke kan fayil ɗin, an jinginar da filin a banki ko ba a jinginar ba, akwai wanda ya shigar da ƙorafi, ana bin bashin harajin ƙasa na shekara nawa, an soke takardar ko tana raye. Zai sa safiyo ya je ya auna, ya gwada abin da ke ƙasa da abin da ke taswira, domin ya sha faruwa takarda ta zama ta gaskiya amma filin da aka nuna ba shi ne nata ba. Zai leƙa hukumar tsara birane ta KNUPDA ya ji ko an amince da tsarin unguwar, da irin ginin da aka yarda a yi a wurin. Zai tambaya ko akwai shari'a a kan filin, domin wanda ya sayi filin da ake shari'a a kansa ya sayi hukuncin da zai fito, ko da bai san da ƙarar ba. A ƙarshen 2024 gwamnatin Kano ta kira masu satifiket su kawo a sabunta musu. Yau lauya mai lura zai tambayi ko an sabunta wanda ake nuna masa.

In dillali ya ce wallahi akwai wanda zai kawo kuɗi gobe da safe, wannan ma bayani ne. Filin da ba zai iya jiran binciken mako biyu ba, akwai abin da ake gudun a gani.

Awon igiya, wato filin da aka yanka ba da tsarin gwamnati ba, shi ne babban tarkon mai ƙaramin ƙarfi, kuma ba adalci ba ne a yi magana a kansa kamar duk wanda ya saya wawa ne. Unguwanni da yawa na Kano da igiya aka yanka su, mutane suka gina, suka haifi 'ya'ya da jikoki a ciki. Ga wanda ba shi da hanyar samun awon gwamnati, shi ne abin da hannu ke kaiwa. Amma mai neman wurin kwana daban, mai zuba jari daban. Wanda ya sayi fegi uku don ya sayar bayan shekara biyar ya kamata ya san cewa banki ba zai karɓi takardarsa jingina ba, mai saye mai manyan kuɗi zai taya da rahusa, kuma ranar da titi ya zo doka ba ta yi masa alkawarin kuɗin fili ba. Sashe na 28 ya ba gwamna ikon karɓe fili don amfanin jama'a, sashe na 29 kuma ya ce diyyar da za a biya ta abin da aka yi a kan filin ce, wato gini da shuka da makamantansu. Fegin da babu ko bulo a kansa, komai tsadar da aka saye shi, ba ya cikin wannan lissafi. Lauya zai iya gaya masa ko akwai hanyar mayar da takardar ta zama ta gwamnati, da abin da hakan zai ci, ya haɗa da farashi ya ga ko har yanzu araha ce.

Satifiket ɗin ma ba laya ba ne. A shari'ar Ogunleye da Oni ta 1990, Kotun Ƙoli ta ce takardar shaidar mallaka ba ta haifar da haƙƙin da babu shi tun farko: in wani yana da haƙƙi a kan filin kafin a ba da ita, kuma ba a soke nasa bisa doka ba, takardar ba ta da nauyi a gabansa. Don haka lauya ba ya tsayawa a kan takarda ta ƙarshe, sai ya bi silsilar hannuwan da filin ya ratsa har zuwa na farko.

Inda ya fi kamata matashi ya yi taka-tsantsan shi ne gidan gado, kuma a tsofaffin lungunan Gyadi-Gyadi, Tarauni da Daurawa irin wannan ciniki ya fi yawa. Maigida ya rasu ya bar mata biyu da 'ya'ya goma sha huɗu, gida ba ya rabuwa, sai a ce a sayar a raba kuɗi. Babban wa ne ke zuwa da dillali, shi ke magana, takardun ma a hannunsa suke. Zai ce duk 'yan'uwa sun yarda. Wataƙila gaskiya ya faɗa. Amma a shari'ar Musulunci girman shekaru ba ya ba shi ikon sayar da rabon kowa. Matan mamaci suna da tumuninsu, 'ya'ya mata suna da kasonsu ko da suna aure a Maraɗi ko Jidda, iyayen mamaci in suna raye suna da nasu. Kafin a zo kan magada ma sai an fitar da bashin da ake bin mamaci, da wasiyyar da ya bari in ba ta wuce sulusi ba. In akwai maraya ƙarami a ciki, rabonsa ba ya sayuwa da yardar yayansa kawai. Yarinyar da ke da shekara takwas ranar ciniki za ta girma ta yi aure, mijinta ko ɗanta ya tambayi ina gadon Baba, kuma a lokacin mai saye ya riga ya rushe gidan ƙasa ya ɗora bene.

Abin da lauya zai nema a nan shi ne takardar rabon gado daga kotun shari'ar Musulunci, mai ɗauke da sunayen magada gaba ɗaya da yadda aka yi da gidan. In ba a raba a kotu ba, zai ce kowane magaji ya sa hannu da kansa, wanda ba ya gari ya aiko da wakilci a rubuce, rabon ƙananan yara kuma a bi ta gaban alƙali. Wasu iyalai za su ji haushi. Wasu kuwa, musamman mata da ƙannen da ba sa iya ɗaga murya a gaban Yaya, a ransu godiya za su yi wa baƙon da ya dage.

Akwai kuma shufa'a, wadda yawancin matasa ba su taɓa jin sunanta ba sai a darasin Risala. In mutane sun yi tarayya a gida ko gona da ba a raba ba, ɗaya ya sayar da kasonsa ga bare, abokin tarayya yana da haƙƙin ya biya kuɗin da aka saya ya karɓe. A mazhabar Malikiyya wanda yake gari ya sani ya yi shiru har shekara ta wuce, haƙƙinsa ya faɗi, amma wanda ba ya nan yana kan haƙƙinsa har ya dawo. Maƙwabci kuwa ba shi da wannan haƙƙi a Malikiyya. A kan haka aka yi shari'ar Alkamawa da Bello, wadda ta taso daga Sakkwato ta ƙare a Kotun Ƙoli a 1998: maƙwabci ya nemi karɓe gidan da wani ya saya a gefensa, kotu ta ce maƙwabtaka kaɗai ba ta ba shi. Gida guda, amma sai da aka bi matakan kotu tun daga ta alƙali har ta ƙarshe a ƙasar. Mai sayen kason mutum ɗaya a gidan da ba a raba ba ya san cewa zai iya yin ciniki, ya biya, a dawo masa da kuɗinsa bayan naira ta zube.

To, a ce bincike ya fito lafiya, an biya. Nan ne da yawa ke naɗe takardu su jefa a akwati, alhali aiki bai ƙare ba. Sashe na 22 na dokar 1978 ya ce wanda ke riƙe da haƙƙin da gwamna ya bayar ba zai sayar, ko ya jinginar, ko ya miƙa wa wani ba sai da amincewar gwamna, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa haka ba shi da inganci. Bankin Savannah ya ɗanɗana wannan a 1989. Wani mai suna Ajilo ya jinginar da gidansa na Legas aka ba kamfaninsa bashi. Da biya ya gagara banki ya tashi sayar da gida, sai ya kai ƙara cewa ai ba a nemi amincewar gwamna ba. Kotun Ƙoli ta ce jinginar ba ta inganta ba. Daga baya kotuna sun rage kaifin wannan hukunci, suka yarda a ƙulla yarjejeniya kafin amincewar ta fito, suka kuma ƙi barin mai laifi ya ci ribar laifinsa. Amma asalin dokar na nan. In banki da tarin lauyoyinsa ya faɗa wannan rami, mai shagon waya ba shi da dalilin jin cewa ya fi ƙarfinsa.

Saboda gudun kuɗin amincewa da na hatimi da na rajista, wata dabara ta yaɗu a Kano da sauran birane: maimakon takardar miƙa mallaka, sai mai sayarwa ya ba mai saye takardar wakilci. Tana da sauƙi, tana da araha. Sai dai Kotun Ƙoli ta faɗa a shari'ar Ude da Nwara ta 1993 cewa takardar wakilci ba ta miƙa mallaka, izini ce kawai na yin abu a madadin mai shi. A fayil ɗin gwamnati sunan tsohon mai fili ne ke nan daram. In fili ya ratsa hannu huɗu a haka, na biyar da ya tashi gyara takarda sai ya nemo mutanen da wasu sun rasu, wasu magadansu sun ce ba su san zancen ba.

Batun biyan kuɗi ma yana da doka. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5, kamfani kuma miliyan 10, sai ta hanyar banki. Ko ba don doka ba, kuɗin da aka tura daga asusun mai saye zuwa asusun mai sunan da ke kan takarda shaida ce da ba ta mantuwa ba ta mutuwa. Wanda aka ƙirga a cikin Bagco a zauren dillali, shaidarsa tana kan ƙwaƙwalwar mutane.

Sabon yayi kuma shi ne kamfanonin da ke tallar filaye a rediyo da Facebook da TikTok, biya kaɗan-kaɗan, da hoton gidaje masu jan rufi da ba a gina ba tukuna. Akwai na kirki a cikinsu. Amma takardar da suke miƙa wa mai saye lauyansu ne ya rubuta ta, don kare su ya rubuta. Me zai faru in mutum ya kasa biyan wata biyu? Za a mayar masa da kuɗinsa, nawa za a cire, cikin wane lokaci? Fegin nasa yana da lamba da iyaka, ko kuwa alkawari ne na wani wuri a cikin gona? Kamfanin yana da rajista a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, kuma filin da sunansa yake, ko har yanzu bai gama biyan manoma ba? Karanta wannan takarda aikin awa ɗaya ne ga lauya. Haka abokai uku da suka haɗa kuɗi suka sayi fili da sunan ɗaya daga cikinsu, haka mai zama a Saudiyya da ke aiko wa ƙaninsa kuɗi ya saya masa, haka iyalin da suka ba ɗan kasuwa fuskar gidansu ya gina shaguna ya ci haya shekara goma sannan ya bar musu. Duk waɗannan suna tafiya lafiya har ranar da ɗaya ya rasu, magadansa suka tarar da takarda da sunan mahaifinsu shi kaɗai.

Wanda ya saya ya tafi ya bar fili ma yana da abin tambaya. A fiƙihun Malikiyya akwai hauzi: in bare ya riƙe wuri shekara goma yana gini yana rushewa, mai shi yana gari yana gani bai ce uffan ba, da'awarsa ba za a saurare ta ba. Tsakanin dangi wa'adin ya fi haka tsawo sosai. Aro da haya da jingina ba sa zama hauzi, amma sai an tabbatar cewa aro ne. Wanda ya bar wa wani filinsa ya shuka masara ko ya kafa gareji, ya rubuta shi a takarda da shaidu tun ranar farko.

In kuma rigima ta riga ta zo, an wayi gari an ga jan fenti a bango, ko wani ya zuba yashi a filin da ba nasa ba, ko sammaci ya iso, abin da matashi zai fara yi shi ne ya riƙe hannunsa. Kada ya tara 'yan unguwa su rushe ginin wancan, kada ya sa hannu a takardar sulhu a ofishin 'yan sanda kafin wani masani ya karanta ta, kada ya cire wa ɗan haya ƙofa ko rufi don ya sayi gidan. Ɗan haya na shekara, in ba a rubuta wani abu daban ba, yawanci sanarwar wata shida doka ta ba shi, kuma kotu ce ke fitar da shi. Sannan ba kowace kotu ce ke da hurumin kowace ƙara ba. Rigimar filin da ke da takardar gwamna ta Babbar Kotun Jiha ce. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci kuwa tsarin mulki ya iyakance ta ga aure, gado, wasiyya, kyauta, waƙafi da makamantansu. A shari'ar Magaji da Matari ta 2000 Kotun Ƙoli ta ce ba ta da hurumi a kan jayayyar mallakar fili zalla. Mutane sun sha shafe shekaru suna shari'a, su yi nasara, a ɗaukaka ƙara a rushe komai a ce a koma farko, don kawai an shiga ta ƙofar da ba ita ba.

Saura maganar da kowa ke jira, wato kuɗi. Lauya ba kyauta yake aiki ba, kuma jadawalin kuɗin aikin lauyoyi da aka fitar a 2023 ya sa kashi 10 cikin ɗari a matsayin mafi ƙarancin abin da lauyan mai saye zai karɓa a cinikin kadarar da ba ta kai naira miliyan 50 ba. Ga mai fegi ɗaya wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma a gaskiya yana cikin abin da ke korar talaka zuwa zauren mai unguwa. Amma shawara da binciken fayil aiki ne daban da rubuta takardar ciniki, ana iya yin jinga a kansu su kaɗai, a ji farashi tun kafin a fara, a karɓi sakamakon binciken a rubuce. Mutanen da ke biyan la'ada ba tare da gardama ba su ne ke ƙyashin wannan, alhali dillali ba ya samun ko sisi sai ciniki ya faɗa, lauyan mai saye kuwa an biya shi ne don ya iya cewa a fasa.

Shi ya sa dole ya zama lauyan mai saye ne, ba wanda dillali ya kawo ko wanda kamfani ya ajiye ba. Kuma ya zama lauya ne na gaske. Doka ta keɓe wa lauyoyi rubuta takardun cinikin ƙasa don a biya su, takardar da lauya ya shirya tana ɗauke da sunansa da hatimin Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya, ba irin wadda ake bugawa a shagon kwamfuta a canza suna da kwanan wata ba. A Kano gara a samu wanda ya san dokar ƙasa ya kuma san fiƙihun gado, ko wanda ba ya jin kunyar tuntuɓar malami in ya zo wurin da bai sani ba, domin fili ɗaya a Tarauni yana iya ratsa dokokin biyu a ciniki guda. Ranar zuwa wurinsa a tafi da kwafin duk takardar da mai sayarwa ya nuna, da lambar fayil, da sunayen waɗanda filin ya bi ta hannunsu, a kuma gaya masa har abin da dillali ya ce kada a damu da shi.